Ƙosau Ya Tafi Neman Shayi Mai Ƙarfi

Katanga ɗaya ce ta raba gidan da aka kai ni aure da gidan Baba Jatau a Kwanar Ɗorawa, kuma katangar gajera ce. In na hau turmi zan shanya zane, tsakar gidansu tas nake gani. A wancan lokaci kwalta ba ta daɗe da ratsa garinmu ba. Manyan motoci kan tsaya a gindin ɗorawar da aka sa wa garin sunanta, direbobi su sauko su yi salla, su ci abinci, su bar mana labarin garuruwan da ba mu taɓa gani ba.

Mutum uku ne a gidan. Akwai shi Baba Jatau, tsohon direban babbar mota, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Jos da Ikko, har idonsa ya fara yi masa gardama ya haƙura da sitiyari. Akwai autansa Ƙosau, wanda yayyensa suka watse birni suka bar masa gona da tsoho. Sai matar Ƙosau, Ladingo, ƙawata, mace mai haƙuri da saurin dariya. Da can su huɗu ne, amma Iya Tabawa, matar Baba, ta rasu ana tsakiyar girbin gero.

Ƙosau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Yana noma kamar mutum biyu, ba ya wasa da salla, ban kuma taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba. Abu ɗaya ne: magana a wurinsa ba ta da lanƙwasa. Yadda ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya tafi da ita. Ranar da aka je gaisuwar surukai, kawunsa ya raɗa masa ya riƙe bakinsa, da hannu biyu ya riƙe shi har aka shafa fatiha.

Shi kuwa Baba, tun yana kan hanya bai san karya kumallo da koko ba. Shayi yake sha, ruwan bunu, babu madara, baƙi wuluk, irin wanda in ka kurɓa sai ka ji shi har ƙeya. Iya Tabawa ce take dafa masa da ganyen awo da wani Buzu yake kawowa ranar kasuwa. Shekarar da ta rasu, Buzun ma ya daina zuwa, ba wanda ya san dalili. Kantuna kuma suka cika da sabon yayi, ganyen shayi a ɗure cikin 'yar jakar takarda, da zare a wuyanta kamar laya. Kwalaye iri-iri, ga mai hoton zakara, ga mai jirgin ruwa, ga kore, ga ja. Ladingo takan tsoma jakar a ruwan zafi ta ciro, ta kai masa a durƙushe. Sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma wannan ruwan wankin kwano ne."

In bai sha shayi ba, burodi ba ya wuce masa. In bai karya ba, tuwon ma sai dai ya tsakura. A hankali muka ga hularsa ta fara yi masa yawa.

Wata rana Ladingo ta tare mijinta a bakin rumbu ta ce, "Maigida, Baba fa yana ƙarewa muna kallo. Ka je kantin Alhaji Bawale ka zaɓo masa shayi mai ƙarfi. Kada ka karɓi duk abin da aka miƙo maka, ka tabbatar da kanka mai ƙarfi ne."

Ƙosau ya ce to. Ya tarar da Alhaji yana auna wa wata mata gishiri, Alhaji ya nuna masa kanta da haɓa ya ce ga su nan, ya zaɓa. Ƙosau ya sauko da kwalin farko ya buɗe, ya zaro jaka ɗaya, ya naɗe zaren a yatsa, ya ja. Zare ya tsinke. Ya ce, "Rago." Ya zaro wata daga kwalin don kada ya zalunce shi, ita ma ta tsinke. Ya koma kan mai zakara, ya koma kan mai jirgi. Can a ƙuryar kanta ya hango wani kwali da rana ta cinye launinsa, gizo-gizo ya yi masa rawani. Ya ja zaren wannan, shiru. Ya sa haƙori, sai da ƙyar. Lokacin da Alhaji ya juyo, ƙasan kantin ya yi baƙi da ganye kamar an yi sussuka.

"Ƙosau! Me na yi maka?"

"Ba kai ba ne, Alhaji, kayanka ne ragwaye. Duk kantin nan wannan kaɗai ne namiji."

Da aka dafa namijin, sai ga shi fari sol, kana hango gindin kofi. Baba ya leƙa ya ɗago.

"Ina ƙarfin?"

"A zaren yake, Baba. Ja ka ji."

Baba ya kama ya ja, zare bai tsinke ba. Ya jinjina kai ya ce, "Gaskiyarka." Da la'asar Ladingo ta ɗauki ƙwan zabi ta tafi ba matar Alhaji haƙuri. Zaren kuwa ta daɗe tana ɗinke maɓalli da shi.

Wata rana Baba da kansa ya zaunar da shi. Ya ce, "Auta, saurara. Wancan da ka kawo ya sha iska. Ganyen shayi in ya sha iska ya mutu, ba ƙanshi ba ɗaci. Gobe kasuwar Maraba, ka je ka samo sabo a rufe, kada ka yarda ya sha iska."

Ƙosau ya yi sammako. Kuma Allah ya taimake shi, ya samu sabon kwali da aka sauke a ranar, ƙanshinsa har ta cikin takarda. Ya kamo hanyar gida yana murna. Farkon damina ne, yana tsakiyar tafiya hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso. Ƙosau ya dubi iska, ya dubi kwali, hankalinsa ya tashi. Ya cusa shi cikin riga, iska ta shiga rigar ta kumbura ta. Ya ɗora shi a kai ya kifa hula, iska ta yi gaba da hular. Haka ya iso rafin da ke bayan gari, inda mata suke ta tattara wanki kafin ruwa ya sauko. Ya tsaya ya yi tunani: ina ne a duniyar nan iska ba ta shiga? Ya ari bokiti wurin wata tsohuwa, ya cika shi da ruwa, ya nutsa kwalin, ya danne da dutse.

Ina kan turmi ina kwashe shanya na gan shi ya shigo da bokiti a kai, ba hula, ruwa mai launin ƙasa yana zubo masa a fuska. Ya sauke a gaban Baba a hankali kamar mai sauke jariri.

Ladingo ta leƙa ta dafe ƙirji. "Maigida, mene ne wannan?"

"Shayi. Ko kurɓi ɗaya na iska bai sha ba, na rantse."

"To ai ya sha ruwa!"

"Ba a hana shi ruwa ba."

Baba ya tsoma yatsa a bokitin ya lasa. Sannan ya ce, "Kaico. Wannan da ya iso da ransa, da ya yi." Awaki ne suka shanye, suka wuni suna tsalle a kan rumbu.

Wata rana Ladingo ta ce masa, "Ko gishiri mace za ta saya sai ta ɗanɗana. Ka koma Maraba, akwai masu sayar da shi ɗai-ɗai a faranti. Ka ɗanɗana kowanne kafin ka saya, wanda ka ji ya kama maka harshe shi za ka kawo."

Ya koma. Ya tsuguna gaban mai farantin farko ya karɓi jaka ɗaya ya jefa a baki, da takardar da zaren, ya tauna ya haɗiye. Ya karɓi ta kusa da ita. Ya bi layin masu faranti har ƙarshe, mutane suna binsa a baya suna kallo, wasu ma suna saya masa don su ga iyakarsa. Bayan azahar ya shigo gida, idanunsa a buɗe kamar na mujiya, hannunsa ba komai. Bai zauna ba. Ya fizgi fartanya ya nufi gona, yana tafe yana magana shi kaɗai. Ya nome tasu, ya tsallake iyaka bai lura ba, ya nome tamu tas, ya shiga ta liman ya ci rabinta kafin a riƙe shi. Maigidana ya je da yamma duba ciyawar da ta hana shi sakat, ya tarar ba ko tsinke. Ya dawo yana tambayata ko aljanu suna noma.

Da Ƙosau ya ɗan lafa, Ladingo ta ba shi fura ta ce, "To wanne ya fi?"

"Duk ɗaci ne."

"Ba wanda ya bambanta?"

Ya yi nazari sosai, don shi ba ya amsa magana da wasa. "Takardar mai zakara ta fi saurin wucewa a maƙogwaro."

Ni da Ladingo muka yi ta dariya ta kan katanga har da hawaye. Maigidana ya ce in gaya mata, in lokacin maimai ya yi, don Allah ta sake tura shi ɗanɗano. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Yana kishingiɗe a tabarma, ƙasusuwan wuyansa a waje, yana kallon inda Iya Tabawa take ajiye murhunta.

Wata rana Ladingo ta ce ai ba sai an je nesa ba. Ga Sallau mai shayi a gindin ɗorawa, wanda direbobi suke wuce garuruwa da yunwa don su zo su karya a teburinsa. Ta ce, "Ka je ka zauna kusa da shi. Ka ga irin ganyen da yake sawa. Duk abin da ya yi ka riƙe, ka zo ka yi mana irinsa, kada ka rage komai."

Ƙosau ya wuni a kan bencin Sallau bai ƙifta ba. Ganyen dai bai gane irinsa ba, don Sallau a cikin wani tsohon gwangwanin madara yake zuba jakunkunansa, ba kwali ba suna. Amma sauran aikin ya haddace shi tsaf.

Washegari da safe ya ce kowa ya matsa. Ya jawo benci ya ɗaura zane a ƙugu. Ya hura gawayi, ya ɗora buta. Ya kori wani kare da babu shi a wurin. Ya ɗaga hannu ya yi wa iska kirari, "Sai direba! An sauka lafiya? Ya hanya?" Ya soshi ƙeya, ya yi atishawa sau biyu, don Sallau yana fama da mura a ranar. Baba ya ɗago daga tabarma yana kallo, har gefen bakinsa ya fara motsi. Rabon da in ga haka a fuskarsa tun kafin rasuwar.

Ƙosau ya ce a miƙo kofi. Ladingo ta miƙo na Baba, wani kofin tangaran mai zanen shuɗin fure, wanda Iya Tabawa ta zo da shi cikin kayan aurenta, a ciki ta ba shi shayi duk zamansu. Ƙosau ya ɗaga buta sama ya tsiyayo daga nesa kamar yadda masu shayi suke yi, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ya juye, ya sake juyewa. Sannan ya ɗaga kofin daidai ƙirjinsa, ya sake shi.

Ƙarar fashewar har cikin gidanmu.

Ya dafe kai ya ce, "Kash, hannuna da santsi," da muryar Sallau sak. Ashe jiya kofi ya suɓuce wa Sallau.

Ƙosau ya dubi matarsa, ya dubi mahaifinsa, murmushinsa ya fara gushewa.

"Kin ce kada in rage komai."

"Haka na ce," in ji Ladingo.

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki ɓallin da ke da furen, ya juya shi, ya sa a aljihu. Ya dafa bango ya shige ɗaki. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Daga ranar ya daina fitowa tsakar gida. Ƙosau ya tsince sauran ɓallayen ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin da su a tafin hannu, bai je gona ba ranar.

Wata rana sai ga Shekarau, babban wan Ƙosau, daga Kaduna. Ladingo ce ta ba wani direba saƙon baki cewa jikin tsoho ya yi nisa. Ya iso da jaka cike da kwalayen shayi, irin waɗanda ko a Maraba ba a taɓa gani ba, wasu da rubutun Larabci, wasu da ruwan zinariya a gefe. Ya shiga ya ga mahaifinsa, ya fito idonsa ja. Ya zazzage kwalayen a tabarma ya ce, "Ba zan koma ba sai Baba ya sha shayi. Kullum da safe a dafa iri ɗaya, in ya ƙi a gwada na gaba. Cikin waɗannan dole akwai nasa. Mu dai mu gano bakin zaren, shi ke nan."

Ya tafi gaida dangi a cikin gari. Ladingo tana wurina muna surfe. Ƙosau, wanda tun fashewar kofi yake neman abin da zai yi ya wanke kansa, ya jawo kwalayen gabansa. Ya buɗe su duka. Ya riƙa cire zare daga kowace jaka, ya ɗaga shi a rana ya duba wannan gefe, ya duba wancan, ya ajiye. Jakunkunan kuma yana jefa su cikin ƙwarya ɗaya. To sunan kowane shayi a jikin 'yar takardar da ke maƙale da zaren yake. Da Shekarau ya dawo, ya tarar da tulin zare a gefe guda, kwalaye wayam a gefe guda, ga ƙwarya cike da fararen jakunkuna, duk kamarsu ɗaya.

"Yaya, na duba su duka," in ji Ƙosau, a gajiye. "Zaren nan ba shi da baki. Kansa da gindinsa duk ɗaya ne."

Shekarau ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa. Ya ɗebo jakunkunan ya sansana, ya zubar. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Yanzu wa zai raba wannan? Sai dai a samo tsohon hannu."

Wata rana, wato washegarin wannan, aka tashi ba a ga Ƙosau ba. Ashe gindin ɗorawa ya tafi, inda tsofaffin gari suke zaman hantsi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Baba, ara mini hannunka in gani." Ya juya tafin, ya juya bayan, ya mayar wa mai shi. Na liman ya yi laushi da yawa. Na sarkin pawa da sauran maiƙo. Can ƙarshen benci ya iske wani tsoho yana tufka igiya, ya kama hannunsa, sai ya tsaya cak. Hannu ne baƙi, busasshe, duk tabo, fatar ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, ga wani ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin.

"Alhamdu lillahi," in ji Ƙosau. "Wannan don tsufa har ya haihu."

Mai hannun Cindo ne. Kowa a Kwanar Ɗorawa ya san abin da ke tsakaninsa da Baba Jatau, in ban da Ƙosau, wanda ba a taɓa zaunar da shi an faɗa masa ƙarara ba. Cindo shi ne yaron motar Baba tun suna samari. Tare suka ci ƙurar hanya, tare suka kwana ƙarƙashin mota, shi yake ɗaure kaya, shi yake cire taya, abin da ya tsofar da hannunsa ke nan kafin sauran jikinsa. Sai wata tafiya butar shayin Baba ta jan ƙarfe ta ɓata a hanyar Saminaka. Baba ya ce Cindo ne ya manta ta a bakin titi. Cindo ya ce ƙarya ne. Magana ta yi tsami, aka faɗi abin da bai kamata ba, Cindo ya sauka daga motar bai sake hawa ba. Tun kafin a haifi Ƙosau ke nan. Gari ɗaya, masallaci ɗaya, amma in wannan ya tsaya a dama, wancan hagu yake yi. Ko ta'aziyyar Iya Tabawa, a waje Cindo ya tsaya ya yi addu'a ya juya.

"Sakar mini hannu, yaro. Wa ya aiko ka?"

"Yaya ne. Baba yana kwance ba ya ci ba ya sha, an ce sai tsohon hannu."

Waɗanda suke wurin sun ce Cindo ya daɗe yana kallon igiyar da ke cinyarsa. Ƙosau kuma bai saki wuyan hannun ba. Da ya ja, tsohon bai yi wata turjiya ba.

Da suka yi sallama suka shigo, Shekarau ya miƙe zumbur, Ladingo ta saki muciya. Ni kuwa na hau turmi. Cindo bai kalli ɗakin Baba ba. Ya dubi ƙwaryar ya ce, "Wannan ne shayin?" Shi bai taɓa riƙe irin jakar nan ba a rayuwarsa. Ya tsuguna gaban murhu, ya cika buta da ruwa, ya damƙo jakunkuna cike da hannu ya watsa a ciki, ya ɗora a wuta.

Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, a shaƙe amma da kaifinta.

"Wane sakarai ne yake zuba ganye ruwa bai tafasa ba?"

Cindo bai juya ba. "Wanda ya dafa maka daga nan har Ikko, Oga, ba ka mutu ba."

Sai motsin tabarma. Sai ga labule ya ɗaga, Baba Jatau ya fito yana dafa bango, rigarsa tana lilo a jikinsa. Shekarau ya tashi zai tare shi, ya ture hannun.

"Kai ne? Wa ya ba ka izinin taɓa mini buta? Ka zo ka yar da wannan ma?"

"Ni ban yar da buta ba. Kai ka ɗora ta a kan madigadi, saman taya, ka ja mota."

"A kan madigadi! Ni da na ce maka ka ɗauraye ta ka sa a akwati?"

"Ka ce in ɗauraye, na ɗauraye na miƙa maka. Kana ta zance da mai ƙosai ka ajiye."

"Ba mai ƙosai ba ce, mai waina ce!"

"To ka tuna ta ke nan."

Baba ya zauna a kan benci don ya ji daɗin faɗan. Suka tono hanyar Saminaka tun daga tushe. Daga buta suka koma kan ranar da birki ya tsinke a gangaren Jos, wa ya yi ihu wa ya yi salati. Daga nan suka koma kan wata gada da ruwa ya cinye suka yi kwanaki suna cin rogo. Kowa yana ƙaryata kowa. Wuta ta ci ta lafa, buta tana ta ƙuna a kan garwashi, ba wanda ya tuna da ita. Ladingo ta yunƙura za ta sauke, don ita a saninta tsomawa ake yi a cire, Shekarau ya yi mata alama ta bari.

Sai da rana ta ɗaga sosai ƙanshi ya cika gidan, ya tsallako katanga ya same ni. Cindo ya sauke buta ya tsiyaya a kofin silba. Baƙi wuluk, har wani ja yake yi a gefe. Ya zuba sukari ya miƙa ba tare da ya kalli Baba ba. Baba ya karɓa ba tare da ya kalle shi ba. Ya hura, ya kurɓa. Muka ga ya lumshe ido. Ya sake kurɓa, ya sake, har ya ɗaga kofin sama.

"Ya yi ɗaci," in ji shi. "Da ma ba ka taɓa iya shayi ba. Ƙaro."

Cindo ya ƙara masa.

"'Yar nan," in ji Baba, "babu burodi a gidan nan ne?"

Ladingo ta ruga ɗaki, mayafinta a baki don kada a ji kukanta.

Har yau ba wanda ya san wane iri ne a cikin butar nan, ko iri nawa ne. Shekarau ya koma Kaduna bai gano ba. Abin da na sani, daga ranar kullum da hantsi sai Cindo ya yi sallama, a ɗora buta, a ɗauko faɗa daga inda aka ajiye shi jiya, shayi yana dahuwa a hankali har su gaji. Damina biyu suka ƙara yi a haka, hular Baba ta koma daidai kansa. Yanzu duk sun tafi, ɗorawar ma an sare ta da aka faɗaɗa titi. Ni kuma ina birni wurin 'ya'yana, jikokina suna tsoma jaka a ruwa su fizge kamar tana cizo, in na ce su bari ya dahu sai su ce sauri suke yi.

Amma a ranar, ana cikin wannan murna, Ƙosau bai saki fuska ba. Ya ja wansa gefe, daidai ƙarƙashin katangar da nake, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ka yi haƙuri, na sake yin kuskure."

"Wane kuskure kuma, Ƙosau?"

"Hannu ka ce in kawo. Na yi na yi ya ba ni hannun kawai, ya ƙi. Dole na taho da mutumin gaba ɗaya."

Shekarau ya dubi tsofaffin nan biyu, suna tsoma burodi a kofi ɗaya suna musu a kan mai waina. Ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Ba komai, Auta. Bar shi haka. Za mu yi maneji da sauran."